Wutar Kashin Shanu

"Wai ke Auta, duk mazan duniyar nan, wanda ya kwanta miki a rai shi ne mai bin bayan shanu da bokiti?"

Gwaggo ce tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki, ta toshe hanci da gefen mayafi kamar a ɗakin warin yake. Auta ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da taka kekenta, allura na gudu a kan yadin mutane.

"Da ke nake! Ko warin har kunne ya toshe miki?"

"Ina jin ki, Gwaggo."

"Kina ji na. Jiya a bakin famfo wata ta dube ni ta ce, 'Surukar Mai Kashi, an tashi lafiya?' Ni, ƙanwar ubanki! Mata suka kwashe da dariya, har wata na riƙe ciki."

Mai Kashi shi ne sunan da gari ya laƙaba masa. Tun da ya gama makarantar koyon sana'a bai sami aiki ba, sai ya haƙa rami a bayan gidansu, ya gine shi da bulo da siminti, ya yi masa rufi kamar kifaffen tulu. Kullum yana dama kashin shanu da ruwa yana ɗura wa ramin. Daga rufin ya ja tiyo zuwa murhun mahaifiyarsa, ya ja wani zuwa fitila. Tsohuwar ta daina sayen itace, idanunta suka huta da hayaƙi. Mutane sun yi ta zuwa kallon shuɗiyar wutar suna riƙe baki, amma ko ruwan zafi aka miƙa musu sai su ce sun ƙoshi.

Auta kaɗai ke kiran sa Injiniya, kuma shi ta ce za ta aura.

Baba, mahaifin Auta, tsohon direban babbar mota, ba ya yarda da abin da idonsa bai gani ba. Ranar da maganar ta zo gabansa cewa ya yi, "Ba yarinya ba ce, ba zan yi mata dole ba. Amma ni ma ba mai yi min dole. Ya zo ya gina ramin nasa a bayan gidana. In ya gama, ƙafarsa kada ta sake taka gidan nan. Ita za ta riƙa ɗura wa abin, tun da ita ce za ta zauna da shi. Ƙarshen wata zan tara 'yan'uwana. In wutar ta tafasa mana butar shayi, na ba shi. In ba ta kama ba, kada in sake jin sunansa."

An gina ramin. Wata kuwa ya raba.

"Ga yaro ɗan mutunci yana bin ki kamar zai yi hauka," in ji Gwaggo, ta matso ta zauna a kan buhun ƙyallaye. "Shago a bakin titi, janareta jere, tukwanen gas har rufi. In ya wuce, ƙamshi ne ke biyo bayansa. Wancan kuwa in ya wuce, ƙudaje ne ke yi masa rakiya."

Ba ta rufe baki ba aka ji ƙarar babur a waje. Mai shagon ne, Ɗan Gayu, ɗan aminin Baba, cikin farin yadi mai kari, da tabarau a goshi. Ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya gaishe da Gwaggo har ƙasa, sannan ya ɗan ja iska da hanci ya yamutsa fuska.

"Gwaggo, ko ɓera ne ya mutu muku a ɗakin nan?"

"Ina fa ɓera, ɗan nan. Kayan lefen surukinmu ne a bayan gida."

Suka yi dariya tare. Auta ta tsayar da keken.

"In ɗinki ka kawo, ajiye. In ba shi ba, aiki nake."

"Haba, ranki ya daɗe, daga wasa?" Ya zaro kwalbar turare daga aljihu ya ajiye a kan teburinta. "Tsaraba ce. Na ga kwanan nan kin fi kowa buƙata."

"Ɗauki abinka."

"Ni fa tausayinki nake ji. Mace kamar ke, hannun da ke taɓa leshi, shi ne da asuba yake dama... kai, ba zan iya faɗa ba, yanzu na karya. Ki ce masa in wuta yake so ya zo shago, zan ba shi tukunya ɗaya sadaka, ya huta da bin saniya yana jiran ta ɗaga wutsiya."

Auta ta miƙe za ta mayar masa, sai ga matar mai kanti ta shigo karɓar ɗinkinta. Auta ta haɗiye maganar, ta ɗauko rigar a ninke ta miƙa mata da murmushi. Matar ta warware, ta duba wuya, ta duba hannu. Daga nan ta kai rigar hancinta ta shinshina.

Sau ɗaya ta yi, a hankali, kamar ba ta so a gani. Amma kowa ya gani.

"Ta yi kyau," in ji matar. "Sai dai... zan sa a wanke kafin in sa."

Ɗan Gayu ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "To, kin dai gani da idonki."

Rigar ba ta warin komai. Auta ta san haka. Amma bayan sun watse ta daɗe tana shinshina tafin hannunta, da wuyan rigarta, da gefen ɗankwalinta.

Da yamma ta fita kamar za ta sayo zare. Ta dawo da babbar jarka ta ruwan wanke ban-ɗaki, irin mai ƙarfin nan da ke sa ido hawaye, wanda aka ce ba ƙwayar cutar da yake bari.

Washegari da ta gama ɗura wa ramin, ta tuttula ruwan a bakinsa, ta goge da tsintsiya, ta kora komai ya gangara ciki. Wurin ya ɗauki ƙamshin asibiti. Ta tuna Injiniya ya ce mata, "Kashi da ruwa kawai, kada ki ƙara masa komai." Sai ta ce a ranta, ai ba ƙari na yi ba, wanki na yi.

Haka ta riƙa yi kowace safiya, har jarkar ta ƙare ta sayo wata.

Ana jibi taro, Injiniya ya zo ta bayan katanga bayan la'asar. Tun da an hana shi shiga, nan suke magana, shi a lungu, ita a kan turmin da ta kifa, kawunansu kaɗai ke ganin juna.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Ni dama haka Allah ya yi ni. Yaya mutumin namu, ramin nan? Yana cin abincinsa?"

Ta yi dariya, sai dariyar ta juye kuka. Ta kifa goshi a kan katangar.

"Injiniya, na gaji. Wallahi na gaji. In na shiga kasuwa sai in ga kamar kowa hancinsa yake taɓawa. Gwaggo ta ware min kofi na daban. A gidan ubana! Me muka yi musu? Sata ka yi? Wa ka kashe?"

"Daina kuka, Auta."

"Ba zan daina ba. Me ya sa ba za ka yi ta hasken rana ba, kamar kowa? Ko ta iska, mai farfela? Da ba wanda zai ce komai."

Ya girgiza kai.

"Faifan rana sai an saya daga birni. Shanu kuwa ga su nan a kowane gida, abin da suke zubarwa har faɗa ake a kan wa zai kwashe. Matar da ke tafiya daji neman itace da goyo a baya, ita nake tunani. Su yi ta dariyarsu. Ranar da itace ya ƙare, su za su zo suna sallama."

"In sun zo ka kore su."

"In kore su in yi wa wa aiki?" Ya yi murmushi. "Ni duk abin da suke faɗa ba ya shiga jikina. Gari duka ya toshe hanci, ba komai. Tun da mutum ɗaya ba ta toshe ba, ya ishe ni."

Maganar ta soke ta. Ta buɗe baki za ta gaya masa zancen jarkar, sai muryar Gwaggo ta taso daga tsakar gida.

"Auta! Wa kike yi wa leƙe a nan? Ko mai ƙudajen ne?"

Ya duƙe, ta sauka daga turmin.

Ranar taro, tun hantsi aka shimfiɗa tabarmi a bayan gida. Ƙannen Baba suka zo, kowa da carbinsa da fuskarsa a ɗaure. Ɗan Gayu ya zo ba a gayyace shi ba, ya ce ya raka mahaifinsa ne, alhali mahaifin na gida. Ya kuma zo da ƙaramar tukunyar gas a bayan babur, ya dire ta a gefen tabarma.

"Ko da za a buƙata," ya ce. "Kada dattawa su wuni ba shayi."

Injiniya ya shigo da sallama, cikin wankakkiyar riga da aka yi wa guga har ta gaji. Ya durƙusa ya gaishe da kowa. Wasu suka amsa, wasu suka duba wani wajen. Ɗaya daga cikin baffannin ya janye ƙafarsa, ko da yake ba kusa da shi aka durƙusa ba.

Baba ya nuna murhun da haɓa. "Ga buta, ga ruwa. Bismillah."

Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin.

Injiniya ya duba tiyon tun daga rufin ramin har murhu. Ya ɗora butar. Ya murɗa makunnin, aka ji iska na fita, siii. Ya ƙyasta ashana ya kai.

Iskar ta hure ashanar.

Ya sake ƙyastawa. Ta sake mutuwa.

"A'a," in ji Ɗan Gayu. "Wannan ai sabon ilimi ne. Wutar da ke kashe wuta!"

Baffanni suka yi ƙasa da kai suna dariya. Gwaggo, daga bayan labule, ta rangaɗa guɗar shaƙiyanci.

"Ku yi haƙuri, Baba," in ji Injiniya. "Wani lokaci iskar farko ba ta kamawa. Bari in bar ta ta fita."

Ya bar ta ta fita. Ba ta daɗe ba ta yi rauni, ta yi rauni, ta ɗauke. Ya ƙyasta, ya ƙyasta, har kwalin ashanar ya koma fanko, guntayen suka taru a gabansa. Zufa ta jiƙa bayan rigar gugar.

"Ko saniyar ce ba ta ƙoshi ba?" wani baffa ya tambaya.

"A'a, Baffa, saniyar ba ta yi makaranta ba ne," in ji Ɗan Gayu. Ya jawo tukunyarsa, ya murɗa, ya ƙyasta abin kunna sigari. Wuta ta tashi fuu. Ya ɗauke butar daga murhun Injiniya da yatsu biyu, ya goge gindinta da hankici, sannan ya ɗora.

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi saurayin ya ce, "Yaro, na cika alkawarina. Ka san sauran."

Injiniya ya tashi ya nufi ramin kamar wanda aka kira. Ya durƙusa a bakin da ake ɗura kashin, ya buɗe murfin, ya kai fuskarsa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"An zuba masa magani."

"Maganin me?" in ji Baba.

"Na wanke ban-ɗaki. Baba, abin nan rai gare shi. Wasu ƙananan halittu ne a ciki da ido ba ya gani, su ke cin kashin su ba da iskar. An kashe su. Ba yau aka fara ba, kuma ba kaɗan aka zuba ba."

Ya juya ya kafe Ɗan Gayu da ido.

"Kai, kai, kai!" Ɗan Gayu ya ɗaga hannuwa. "Ni? In matso kusa da wannan ƙazantar? Ko biya na aka yi ba zan iya ba. Dubi takalmina, malam."

Baba ya waiwaya wajen labule, muryarsa ta sauya. "Ke ce?"

Gwaggo ta fito tana dafe da ƙirji. "Yaya! Ni? Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ko hanyar ramin nan ba na bi. Zagayawa nake!"

"To wa ke nan? Aljani?" Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "A gidana aka yi wa baƙo zamba? In na gano ke ce, yau za ki tattara ki koma ɗakinki!"

Gwaggo ta fashe da kuka. Kowa ya zuba mata ido, ba wanda ya yarda da rantsuwarta. Auta ta ga hanya a buɗe: ta yi shiru kawai, laifi ya zauna a kan wadda ta ware mata kofi.

"Ni ce, Baba."

Ba a ji ta sosai ba, sai da ta sake faɗa.

"Ni ce na zuba. Kullum da safe. Ban san zai kashe shi ba. Wankewa kawai nake yi, don kada in baffanni sun zo su ji..." Ta kasa ƙarasawa.

"Su ji me?" Injiniya ne ya tambaya, a hankali.

"Don kada su raina ka ne! Wallahi don kai na yi!"

"Su ji me, Auta?"

Hawaye suka zubo mata. "Wari."

Ɗan Gayu ya tuntsire da dariya har yana buga cinya. "Allahu akbar! Ashe amaryar ma hancinta lafiya lau! Malam, ka ji fa, ba ni na faɗa ba."

"Rufe mana baki!" Baba ya daka masa tsawa. Ya numfasa, ya dubi Injiniya. "Yaro, ba a yi maka adalci ba, kuma daga cikin gidana ne. Gwajin nan bai zauna ba. Me ake yi wa ramin ya tashi?"

"Sai an kwashe duk abin da ke ciki, an ɗauraye, an sake zuba sabo."

"To na ƙara maka wata guda. Kuma na ɗage maka, ka shigo ka yi da kanka."

Auta ta ɗago da sauri, fuskarta ta yi haske cikin hawaye. Amma shi ba ita yake kallo ba. Ya mayar da murfin, ya karkaɗe gwiwoyinsa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma. Amma ku bar shi."

"In bar shi kamar yaya?"

"Ramin zai gyaru. Wannan ba wuya." Sai yanzu ya dube ta, kallon da bai taɓa yi mata ba. "Ke kuma da kin gaya min. Da kin ce, Injiniya, ƙyamarka nake ji, da na gode miki. Kin bar ni ina tsaye a lungu ina yi miki surutu, ashe ina tafiya kike ɗauko tsintsiya."

"Ba haka ba ne!"

"Shekara nawa za ki yi kina wanke ni? In na dawo daga aiki, a bakin ƙofa za ki tare ni da jarka? In mun haihu, ke za ki fara koya wa yaran toshe hanci, ko sai sun fita waje?" Ya nuna Ɗan Gayu ba tare da ya kalle shi ba. "Ga mai ƙamshi nan. Shi ba sai kin sha wahala ba."

Ya durƙusa ya yi wa dattawa sallama, ya nufi ƙofar baya.

"Alhamdulillahi!" in ji Gwaggo, tana share hawayen da ba su gama bushewa ba. "Allah ya raba mu da ƙudaje. Ɗan nan, zuba wa baffanninka shayi."

Auta ta cire mayafinta ta rataye a ƙofar kicin. Ta tuɓe takalmi. Ta wuce ta gaban tabarmar da sabuwar atamfarta, ta je ɗaya bakin ramin, inda ruɓaɓɓen yake fita, ta ture murfin. Ta durƙusa, ta zura bokiti har hannunta ya nutse zuwa kafaɗa, ta ɗago shi cike, ta juye a gefe.

Warin da ya taso ya sa baffanni suka miƙe tsaye babu shiri.

"Auta! Kin haukace?" Gwaggo ta ƙwalla ƙara. "Atamfar! Yaya, ka hana ta!"

Ɗan Gayu ya ja da baya, hankici a hanci, feshin ya riga ya sami farin yadinsa. "Wa'iyazu billahi! Wannan ce zan kai gidanmu? Allah ya sawwaƙe!" Ya kashe tukunyarsa, ya sauke butar da ba ta tafasa ba, ya saɓi abarsa ya yi waje.

Ta sake zura bokitin. Ta sake juyewa. Kuka take, amma hannunta bai tsaya ba.

Injiniya na tsaye a ƙofar baya, ya ba ta baya, hannunsa a kan sakata. Ya ji ƙarar juyewar farko, ya ji ta biyu, ya ji ta uku. Bai waiwayo ba. Ya zare sakatar ya fita, ƙofar ta rufu a bayansa.

Baba ya tako a hankali ya tsaya a kanta.

"Wanda kike yi dominsa ya tafi, Auta."

Ta goge ido da bayan hannu, ta bar baƙin zane a kumatunta.

"Na gani, Baba. Wata guda ka ce, ko?"

"Shi na ba wa. Ya ce ba ya so."

"To ni ka ba ni," ta ce, ta sake nutsa bokitin.